Farin Layin da Ta Goge

Duk tsawon aurensu, ƙafarta ba ta taɓa wuce bakin ƙofar garejin ba. Nan take tsayawa, ta tattare gefen zanenta, ta miƙa kwanon abinci daga nesa, ta juya. Mace ce da ba ta ga-maciji da datti. Mijinta yakan ce har sabulu sai ta wanke shi kafin ta yarda ya taɓa jikinta, shi ya sa ya laƙaba mata Dubagari, sunan kuwa ya bi ta har bakin jikoki. Sai ga shi Allah ya haɗa ta da bakanike, mutumin da ko ya kwana a ruwa ƙarƙashin farcensa ba ya fari.

"Ba datti ba ne, giris ne," haka yake cewa kullum in ta kama hannunsa tana dubawa.

"Duk abin da ya hau mini zanen gado, Malam, sunansa datti."

Ita ta fara lura da rawar hannun nasa. Kofin shayi ne ya tona asiri, yana kaɗawa a kan faranti kamar mai jin sanyi. Ya ce gajiya ce. Gajiyar ta ƙi tafiya, likita ya rubuta magani, ya ce abin zai lafa amma ba zai bari ba. Ba ta yi shawara da kowa ba ta kira babban ɗansu, ta ce ya zo ya raba ubansa da ƙarafan nan tun mota ba ta faɗo masa a ƙirji ba. Gaskiya tsoro take ji. Amma a can ƙasan ranta akwai murna, don ta daɗe tana jiran ranar da za ta wanke rigar aikin nan wankin ƙarshe.

Da ɗan ya zo, uban bai yi musu ba, ya dai kafa sharaɗi. Akwai mota ɗaya a kan ramin gyara, ta wani likitan dabbobi, mai ja da ƙafa huɗu, tana ƙara a ƙasa in an tashi, tana kuma rawa in an yi gudu. Ya ce in motar nan ta fita daga hannunsa lafiya lau, a bar shi da garejinsa. In ta gagare shi, ranar Asabar a kawo babbar mota a kwashe komai. Ɗan ya yarda, don ya ga hannun.

Ranar Juma'a da rana ta kawo abinci kamar kullum. Ta yi sallama, shiru. Ta leƙa, sai ta hango shi durƙushe a ƙasa, dattijo da furfurarsa, yana shafa siminti da tafin hannu yana lalube. Bai ji zuwanta ba. Ta taɓa ganinsa cikin zazzaɓi, ta ga ranar da ya binne mahaifiyarsa, amma ba ta taɓa ganinsa haka ba. Tausayi ya kama ta har ta manta da zanenta, ta tsallaka bakin ƙofar.

"Me ya faɗi?"

Ya ɗago a firgice. "Allurai."

"Allurai? A gareji?"

Ya nuna mata kan tebur. Doguwar sandar ƙarfe ce a kwance, an raba ta gida biyu, wadda ya ce sunanta furofela, ita ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. A kowane ƙarshenta akwai gaɓa, a cikin gaɓar kuma akwai wani ƙarfe mai hannu huɗu da suke kira kuros. Tsohon kuros ɗin ya cinye, ya fitar da shi da guduma, wannan bai ba shi wahala ba, guduma ba ruwanta da rawar hannu. Sabon ne ya kayar da shi. Kowane hannu na kuros yana da ɗan kofin ƙarfe da ke rufe shi, ya cire ɗaya zai saka, hannun nasa ya kaɗa, abin da ke ciki ya watse a ƙasa.

Ta ɗauki wani kofin da bai zube ba, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta saka tabaraunta na ɗinki. A cikin kofin da bai fi murfin kwalba ba, wasu siraran ƙarafa ne a tsaye, sun zagaye bango kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya fi wani tsawo, babu wanda ya karkace. Ta taɓa su da farce, suka mirgina gaba ɗaya ba ƙara. Ita da ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki ta san aiki mai kyau in ta gan shi, kuma ba ta taɓa ganin layin da ya kai wannan daidaito ba.

"Malam, wannan a ƙarƙashin mota yake zama? Cikin taɓo?"

"Cikin taɓo da ruwa da duwatsu. Duk ƙarfin da injin ya aika baya, a kan waɗannan yake bi."

"Waɗannan 'yan abubuwan? Ikon Allah."

Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan maganaɗisun da take tsince allura da shi in ta faɗi a ɗaki. Ta duƙa, ta bi simintin da shi a hankali, ƙarƙashin tebur, gefen rami, bayan tsohuwar taya. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tsalle suna manne masa. Ta miƙa masa, ya girgiza kai.

"Sun sha ƙasa. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga, ta gama da shi. Sai an wanke su tas."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Maimaita, ban ji ba."

"Na ce a wanke, Dubagari. Yau ranarki ce."

Ta wanke su a cikin kananzir, ta shanya a kan farin hankicinta. Ya ce ta shafa giris a bangon kofin, shi zai riƙe su. Ta yi jim tana kallon gwangwanin, sannan ta runtse ido ta tsoma yatsa. Abin mamaki, ba shi da ƙazanta ko kaɗan, sulɓi ne da shi kamar man shafawa. Ta riƙa jera allurai tana tsayar da su, yana tsaye a kanta, ya ɓoye hannayensa a baya. Da ta zo ƙarshe sai ga gurbi ɗaya ba kowa. Ya ce ko ɗaya ba a bari, in akwai gurbi sauran za su kwanta. Suka sake bin ƙasa, babu. Can ta hango ta maƙale a gashin hannunsa, ta cire ta, ta wanke, ta tura ta cikin 'yan'uwanta, ta shige cif kamar da ma ita ake jira.

Saka kofunan a gaɓa ya fi jera su wuya. Ita ta riƙe kuros ɗin a tsakiya, shi ya riƙa juya hannun matsin ƙarfen da ke kafe a tebur, kofunan suna shiga kaɗan-kaɗan. Ya ce ta riƙa motsa shi, in ta ji ya cije ta yi magana, don allura ɗaya takan faɗi ta kwanta a gindin kofi, mai gaggawa ya ci gaba da matsawa ya fasa komai. Sau ɗaya ta ce, "Tsaya!" Ya tsaya. Suka fitar, ga ta kuwa a kwance. Ta ga yadda ya dube ta, irin kallon da ya daɗe bai yi mata ba.

Da suka gama gaɓoɓin biyu, ya ɗauki kwanon abincinsa ya zagaya bayan motar. Ta san dalili. Ba ya son ta ga cokali yana zubar da abinci kafin ya kai baki. Sai ta ba shi baya, ta nemi abin yi. Ga furofela a gabanta, gaɓoɓi sababbi fes, amma jikinta duk taɓo da tsohon mai, har da wani farin zane da aka ja a kai. Ranta bai ba ta ta bar abu haka ba. Ta jiƙa tsumma da kananzir, ta murje rabin farko, ta murje na biyu, har sai da ƙarfen ya yi sheƙi. Tana cikin jin daɗin aikinta ya dawo.

Ya tsaya cak. "Ina layina?"

"Wane layi?"

"Farin layin da na ja da alli. Daga wannan rabin zuwa wancan."

"Au, na ɗauka datti ne."

Ya zauna a kan benci a hankali. Da faɗa ya yi da ta fi jin sauƙi, don ta iya faɗa. Sai ya yi bayani da sanyin murya. Rabi biyun nan haƙora ne ke haɗa su, kuma za su shiga juna ta kowace fuska aka juya su, amma fuska ɗaya ce tak daidai. Shi ya sa kafin ya raba su ya ja layi. Yanzu babu layi, gobe kuwa Asabar.

Abin da ta roƙa ne ya zo mata har gida, da hannunta kuma, ba tare da ta nufa ba. Da ta yi shiru ta ɗauki kwanonta, shi ke nan, gobe a kwashe ƙarafa. Sai ta ji ba ta so. Ita kanta ta yi mamakin yadda ba ta so.

"To in an juya ta wata fuskar me zai faru? Ba juyawa dai za ta yi ba?"

Sai ya tashi, ya jawo wata tsohuwar gaɓa daga cikin tarkace, mai guntun ƙarfe a kowane gefe. Ya ɗaure ta a tebur a karkace sosai, ya ɗaura wata doguwar ƙusa a ƙarshe ɗaya ta zama kamar hannun agogo.

"Juya wannan gefen. Kamar yadda kike juya keken ɗinki, kar ki yi sauri, kar ki tsaya. Ki kalli ƙusar."

In dai juya abu daidai ne, babu wanda zai koya mata. Ta juya. Ƙusar ta taho, ta yi sauri, ta ja baya, ta sake yin sauri, ta sake ja baya. Ta tsaya ta duba hannunta. Ta sake juyawa a hankali fiye da da, tana lura da kanta. Hannunta na tafiya daidai, ƙusar tana ɗingishi.

"Wannan ta lalace."

"Lafiyarta ƙalau. Sabuwa ma haka take yi. Kowace gaɓa a duniya, muddin a karkace take aiki, haka take tafiya, gaggawa da nawa, gaggawa da nawa. Ba a taɓa ƙera wadda ba ta yi ba."

"To yaya mota take tafiya?"

Ya ɗauko gaɓa ta biyu ya haɗa a bayan ta farko. Hannunsa na rawa, ta riƙe masa ba tare da ta dube shi ba. Ya daidaita kunnuwan gaɓoɓin, wato ƙarafan da ke riƙe da kofunan, suka kalli fuska ɗaya, ya mayar da ƙusar can ƙarshe.

"Juya."

Ta juya. Ƙarfen tsakiya yana nan yana ɗingishinsa, tana ganinsa da idonta. Amma ƙusar da ke ƙarshe tana zagayawa sumul, daidai da hannunta, ba gaggawa ba nawa. Inda ta farko ta yi sauri, ta biyu ta ja baya daidai gwargwado, inda ta farko ta yi nawa, ta biyu ta cike. Ta yi ta juyawa ta kasa dainawa.

"Subhanallahi. Malam, wa ya gano wannan?"

"Wani bawan Allah, tun kafin a haifi kakanninmu. Ni dai na tarar."

Sai ya zare, ya juya ta biyun kwata, ya mayar. Ta juya, ƙusar ta haukace, ɗingishin ya ninka, har teburin yana motsi. Ya ce wannan shi ne abin da layin yake karewa. Ta tuna duk motocin da ta taɓa shiga, zuwa asibiti haihuwa, zuwa kai yara makaranta, ashe a ƙarƙashin ƙafarta wannan abu yake faruwa ba ta sani ba. Ta tuna kuma mutumin da ya san wannan tun yana saurayi yana kwana a gefenta, ita kuwa abin da ta taɓa tambayarsa kawai shi ne ko ya wanke hannu.

Ya ce akwai dabara. Za a iya daidaita kunnuwan da ido, sai dai nasa idon yanzu ba ya yarda da shi. Ta ce ido me, ta ciro zare daga jaka. Ta ja shi daga kunnen wannan gaɓa zuwa na waccan kamar mai auna tsawon riga, suka riƙa zarewa suna matsawa haƙori ɗaya, har zaren ya kwanta a miƙe. Amma ya ce da saura. Kunnuwan sukan daidaita ta fuska biyu, gaba da baya, kuma tun a masana'anta an auna nauyin sandar ta fuska ɗaya. Wannan kuwa zare ba ya gani, sai an hau titi.

Ta sauka cikin ramin da ƙafarta. Ita, Dubagari. Ta tallafe furofela a kafaɗa, ta kama notuna da yatsu ta fara ɗaura su, shi ya bi da sifana ya ƙarasa. Mai ya ɗiga a ɗankwalinta, ta ji shi, ta ƙyale.

Da suka shiga motar, ya cika kofin gilashi da ruwa ya ce ta ajiye shi a ƙasa tsakanin kujerunsu, ta dafa shi da yatsa. Haka yake gwada kowace mota tun yana yaron gareji. Ya ce in ruwan ya yi tangaɗi gefe da gefe, wannan titi ne, ba ruwansu. Abin da za ta duba shi ne ƙananan zobba a saman ruwan. Suka fita unguwa, suka wuce masu walda da mai faci, suka hau miƙaƙƙen titin bayan gari. Ya taka. Ruwan ya fara tsuma, zobba sirara suna tasowa daga gefe suna haɗuwa a tsakiya, ta kuma ji abin a tafin ƙafarta.

"Akwai," ta ce, muryarta a ƙasa.

"Na ji."

Suka koma. Rana ta karkata, bayanta yana ciwo, shi kuma hannun ya ƙara tsananta don gajiya. Ya ce ko su bari. Ta ce wa zai bari, ta riga shi sauka ramin. Suka kwance, suka zare, suka juya ɓari ɗaya rabin zagaye cif, ta sake jan zarenta. Kafin su ɗaura ta ce ya ba ta allin. Ita ta ja layin da kanta, mai kauri, daga wannan rabin zuwa wancan.

A kan titin nan dai ya sake takawa. Ta sunkuya a kan kofin tana jira. Motar ta kai gudun ɗazu, ta wuce. Ruwan ya kwanta lumui. Ta ga rufin motar a cikinsa, ta ga gefen fuskarta da ɗigon baƙin mai a goshi, ko gezau hoton bai yi ba. A ƙarƙashinsu sandar ƙarfe tana juyawa da gudun da ido ba zai iya bi ba, allurai da ta jera da yatsunta suna ɗauke da ita, gaɓa ɗaya tana ɗingishi ɗaya tana gyara mata, ga ruwa a kofi ko motsi. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba don hannun duk giris ne.

Da suka dawo ya kashe motar, ya daɗe bai fita ba. Hannayensa suna kan cinyarsa suna abin da suka saba. Sannan ya zaro makullin garejin daga aljihu ya ajiye mata a cinya.

"Ba wa yaron gobe."

"Kamar yaya? Ba ka ga ruwan ba?"

"Na gani. Amma cewa na yi in ta fita daga hannuna. Wannan ba daga hannuna ta fita ba, Dubagari. Ba zan yi wa ɗana ƙarya ba."

Ta juya makullin a tafinta. Shi ma baƙi ne, ya sha hannu har ya yi sulɓi.

"Malam, ni na kira yaron nan, ka sani?"

"Na sani tun ranar."

"To ni zan sallame shi. Kai da bakinka ka ce mini gaɓa guda ɗaya ba ta taɓa tafiya daidai, ko sabuwa ce fil. Don me kai za ka ce sai ka yi kai kaɗai? Ka fi ƙarfe ne?"

Ya juya yana kallon taga. Can ya ce, "Aikin nan da datti fa."

"Sauka ka buɗe mini ƙofa, ƙafata ta yi tsami."

Da safiyar Asabar babbar mota ta tsaya a bakin garejin. Ɗan ya sauko yana gyara zancen lallashin da ya shirya tun a hanya. Ya tarar motar likitan dabbobi ta tafi, wata ce a kan ramin. Ubansa yana zaune a kan benci yana ba da umarni, daga cikin ramin kuma wata murya da ya sani tun yana ciki tana cewa ai ta gani, ba sai an faɗa mata sau biyu ba. Ya leƙa. Tana sanye da tsohuwar rigar aikin uban, an naɗe hannuwan, ga tabarau a karan hanci, ga guntun alli a bayan kunne.

"Umma? Me kike yi a nan?"

"Ka sallami mai motar nan, ka ba shi haƙuri, ba abin da za a kwasa. Miƙo mini tsumman can."

Ya miƙa mata. Da ta ɗago hannu ta karɓa, ya ga farcen, ya ga tafin, ya ga har gwiwar hannu. Wannan matar ce ta taɓa mayar da shi daga bakin ƙofar makaranta don ta ga tabo a kwalar rigarsa.

"Umma, hannunki! Duk datti!"

Ta duba hannun, ta juya shi gaba da baya. A kan benci uban ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, wannan karon ba ciwon ba ne.

"Ba datti ba ne," ta ce, "giris ne." Ta koma ƙarƙashin motar.